Yadda Muka Sama wa Baffa Mazauni a Unguwar Tsofaffi, Shi Yana Amurka Mu Muna Kano

Bayan sallar asuba kaɗan, ina zaune a kan darduma ban kai ga naɗe ta ba, wayar 'yar Baffana ta shigo daga Amurka, inda a lokacin dare ya raba. Cikin Hausarta da ba ta gama nuna ba ta ce, "Yaya, Baba ya faɗi." Da na nutsar da ita, sai ta yi mini bayani cewa santsi ya kwashe shi a banɗaki tun da hantsi, ya kasa tashi, yana kwance a kan tayil har magariba, lokacin da wani maƙwabci ya lura ba a kunna fitilar gidan ba. Allah Ya kiyaye bai karye ba, amma likita ya gaya mata kai tsaye cewa zaman mahaifinta shi kaɗai a gida mai bene ya zo ƙarshe.

Baffa ƙanin mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya bar Kano a shekarun 1970 da tallafin karatu na gwamnati, ya gama karatu ya kama koyarwa a wata jami'a a jihar Ohayo, har ya yi ritaya a can. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo tana aiki a wata jiha mai nisa, shi kuwa a lokacin yana da shekara 78. Shawarar da ta kawo ita ce a sayar da gidan, a sama masa wuri a irin unguwannin nan da ake ginawa domin tsofaffi, inda mutum yake shiga da ƙafarsa yana da lafiya, kuma duk halin da tsufa ya kai shi za a ci gaba da kula da shi a cikin harabar ba tare da ya sake wani ƙaura mai nisa ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka taru a gidanmu na gado a Yakasai. Ban gama bayani ba Gwaggo, wadda ita ce babbar yayarsu kuma ita kaɗai ta rage masa, ta katse ni. Ta ce, "Gidan gajiyayyu? Muna raye? Kai ɗan nan, ka ce a kawo mini ƙanena, ko a ɗakina ne ya zauna." Ban ga laifinta ba. A Kano idan aka ce gidan gajiyayyu, ana nufin inda ake kai wanda ba shi da kowa, kuma dangin da suka bari aka kai nasu sun sayi abin gori har jikoki. Wani ƙanena ya jawo ayar Suratul Isra'i da ta hana ɗa ya ce wa iyayensa ko da "tir" idan tsufa ya riske su a wurinsa, kowa ya yi shiru. Aka tashi a kan cewa ni, da yake aikin akanta nake yi kuma na saba da takardu, in binciki hanyoyin biyu in kawo wa dangi bayani.

Na fara da maganar dawo da shi gida, domin nan zuciyata ta karkata. Na gyara ɗakin da mahaifina ya yi jinya a ciki, na tambayi kuɗin ƙara sola, na je na ga wani likitan zuciya domin Baffa yana ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirjinsa. Abin da ya sanyaya mini gwiwa shi ne inshorarsa. Shirin Medicare, wanda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1965 domin 'yan shekara 65 zuwa sama, shi ne yake ɗaukar yawancin kuɗin asibitinsa, kuma shirin ba ya biyan magani a wajen Amurka sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Ya biya harajinsa shekara da shekaru, amma ranar da ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano sai ya koma sayen komai da aljihunsa. Duk da haka da ya ce zai zo, da mun yi. Da na kira shi na tambaye shi, ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce, "Ɗana, raina yana Kano, amma jikin nan ya riga ya saba da likitocin nan, kuma kabarin uwar yarinyar nan yana nan. In na taho, wa zan bar mata?"

Daga nan na koma kan takardun da 'yarsa ta turo daga wurare uku. Na kai su wani shago aka buga mini, suka cika leda, na riƙa karantawa da daddare bayan yara sun kwanta. A nan na gane cewa abin da muke ta kira gidan gajiyayyu wani abu ne dabam. Irin waɗannan unguwanni sun kusa 2,000 a Amurka, yawancinsu ba na neman riba ba ne, da dama kuma majami'u ne suka assasa su. Kowace unguwa an tsara ta ne hawa-hawa. A matakin farko tsoho yana zaune a nasa ɗaki da falo da kicin, da mukullinsa a hannu, ya fita ya dawo yadda yake so, sai dai an ɗauke masa shara da gyaran gida da kwashe dusar ƙanƙara, akwai ɗakin cin abinci, akwai kuma maɓallin da zai danna ko igiyar da zai ja idan ya faɗi. A mataki na biyu ana taimaka masa da wanka da sa tufafi da shan magani a kan lokaci. Sai ɓangaren masu ciwon mantuwa, wanda ake kulle ƙofofinsa don kada mutum ya fita ya ɓata. Na ƙarshe shi ne matakin jinya, inda ma'aikatan jinya suke tsaye dare da rana a kan wanda ya kwanta.

Ina karantawa ina tuna mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Duk waɗannan matakai ya bi su ɗaya bayan ɗaya a cikin gidanmu, sai dai ba mu san suna da suna ba, kuma ba mu shirya wa ko ɗaya ba kafin ya faɗo mana. Da ya daina iya wanka, ni da ƙanena muka riƙa karɓa-karɓa kafin mu fita aiki. Da gigin tsufa ya kama shi ya fara fita neman shagonsa na Kantin Kwari da ya rufe shekara goma, sai muka sa wa ƙofar zaure kwaɗo. Da ya kwanta, mahaifiyata da matanmu ne suka ɗauki juya shi da wanke shimfiɗarsa, kuma gyambon kwanciya ya fito masa a ƙugu kafin wata nas ta koya mana cewa duk bayan awa biyu ake juya mai irin wannan jinya. Lada muka nema kuma ba na da-na-sani, amma na san bayan wa ya lanƙwashe a wannan aiki, kuma na san 'yar Baffa ita kaɗai ce, ba ta da faccala ba ta da ƙanin miji.

Inda na fi daɗewa shi ne maganar yarjejeniya, domin a nan kuɗin yake. Ana biyan kuɗin shiga sau ɗaya, wanda a wuraren da muka duba ya kai dala dubu ɗaruruwa, kusan daidai da abin da gidan Baffa zai yi a kasuwa, sannan a riƙa biyan kuɗin wata. A lokacin dala ta haye naira 1,500 a Wapa, da na buga lissafin da naira sai na ajiye biro na yi salati. Yarjejeniyar kala uku ce. Nau'in A shi ya fi tsada a farko, amma idan mutum ya koma mataki na biyu ko na jinya kuɗin watansa ba ya canzawa sosai, wato ya sayi jinyarsa tun yana tsaye. Nau'in B yana ba da wasu kwanakin jinya kyauta ko da ragi, bayan sun ƙare a biya cikakke. Nau'in C ya fi sauƙin shiga, amma ranar da mutum ya buƙaci jinya zai biya farashin kasuwa, wanda yakan ninka kuɗin watansa. Da farko na ɗauka Medicare za ta toshe wannan giɓin, ashe ba haka ba ne. Ita jinyar farfaɗowa kawai take biya bayan mutum ya kwana aƙalla uku a asibiti, iyakarta kwana 100, kuma kwana 20 na farko ne kaɗai take ɗauka gaba ɗaya. Wanka da ciyarwa da kai tsoho banɗaki na shekaru ba sa cikin lissafinta.

Na ba da shawarar nau'in A, sai aka ce ai ba a ba kowa shi, sai wanda aka auna aka ga har yanzu yana iya riƙe kansa. Wannan ne abin da ya fi girgiza ni a cikin al'amarin duka, domin da mun tsaya muna ja-in-ja har Baffa ya sake faɗuwa ya karya ƙugu, ko mantuwa ta bayyana, da ƙofar ta rufe. Ranar awon 'yarsa ta jingina wayarta a kan tebur ina kallo ta WhatsApp, ƙarfe huɗu na yamma a Kano, sha ɗaya na safe a wurinsu. Nas ɗin ta bi abubuwa shida da suke auna tsoho da su: wanka, sa tufafi, cin abinci, zuwa banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, da riƙe fitsari da bayan gida. Wani likita mai suna Sidney Katz ne ya tsara wannan ma'auni a 1963, a birnin Cleveland na jihar Ohayo ɗin. Sannan ta faɗa masa kalmomi uku ta ce ya riƙe, ta miƙa masa farar takarda ta ce ya zana agogo ya sa hannayensa a kan sha ɗaya da minti goma. Na ga mutumin da ya yi shekaru yana gyara kundin ɗaliban digiri ya sunkuya yana jera lambobi a cikin da'ira da hannu mai ɗan rawa, ya goge bakwai ya sake rubuta ta. Ya zana daidai, ya kuma tuno kalmomi biyu, ta ukun sai da ta ɗan tuna masa. Ya ci, amma ni na kashe wayar idona cike da hawaye.

Bayan awon jiki sai awon aljihu, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Suka nemi bayanin fanshonsa da ajiyarsa da duk abin da ya mallaka, har filin da yake da shi a hanyar Zariya. A nan wata matsala ta taso wadda ba ta taɓa zuwa mini a rai ba. Baffa ya saba turo kuɗi duk azumi a raba wa dangi, yana kuma biya wa marayu huɗu kuɗin makaranta. Yarjejeniyar ta ce idan kuɗin mazaunin ya ƙare ba da gangancinsa ba, unguwar za ta yi ƙoƙarin riƙe shi daga asusun taimakonta, amma idan ya rabar da dukiyarsa kyauta, wannan alkawari ya faɗi. Lauyan da 'yarsa ta ɗauka ya ƙara da cewa shirin Medicaid, wanda yake biya wa marasa hali kuɗin gidan jinya, yana bin diddigin kyautar da mutum ya yi a shekara biyar da suka wuce kafin ya karɓe shi. Baffa ya ce zakka ba kyauta ba ce, kuma ba zai daina fitar da ita ba ko za a kore shi. Aka tsaya a kan cewa zai ci gaba da zakkarsa a rubuce da shaidar banki, an sanar da su tun farko, kuɗin marayun kuma ni da ƙannena muka raba a tsakaninmu. Ni aka bari da nauyin gaya wa dangi cewa rabon azumi zai ragu, kuma ba kowa ne ya karɓi maganar da kyakkyawar fuska ba.

Saura tambaya ɗaya a kan kuɗin shigar: ana iya zaɓar wanda za a mayar wa magada da kaso 50 ko 90 cikin ɗari bayan rasuwa, amma ya fi tsada nesa ba kusa ba, ko kuma wanda yake narkewa wata-wata har ya ƙare cikin 'yan shekaru. Na kuma karanta cewa dokar kowace jiha ce take kula da waɗannan unguwanni, kuma an sha samun waɗanda suka karye, mazauna suka shiga layin masu bin bashi. Don haka na nemi rahoton binciken kuɗinsu na shekara uku, na duba bashin da ke kansu da yawan ɗakunan da ke da mutane, na cire wuri ɗaya daga cikin ukun saboda abin da na gani. Da na koma wurin Gwaggo da wannan bayani, sai da na gaya mata gaskiya cewa maganar ta shafe ta, domin a shari'a idan mutum ya bar 'ya ɗaya da 'yar'uwa shaƙiƙiya, 'yar tana da rabi, saura na 'yar'uwar ne, alhali a dokar Ohayo in babu wasiyya komai na 'yar ne. Baffa ya riga ya sa lauya ya rubuta wasiyyar a raba bisa shari'a. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ni zan ci gadon ƙanena? Ku ɗauki mai arhar, abin da ya rage ya ci ya sha da shi." Ban ce ta yarda da tsarin ba, amma daga ranar ta daina kiran wurin gidan gajiyayyu, ta koma cewa "unguwar su Malam".

Sharuɗɗan Gwaggo kuwa su ne suka fi amfani a cikin duk abin da muka tambaya, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a takardun. Ta ce a tambayo mata wa zai yi masa wanka in ya kasa, namiji ko mace. Me zai ci, tunda an san abin da suke ci. Wa zai kai shi masallacin Juma'a. In ya cika, wa zai wanke shi, kuma kada a kuskura a ƙona shi ko a yi masa allurar adana gawa. Muka bi su ɗaya-ɗaya. Kicin suka ce za su riƙa ba shi kifi da ƙwai da kayan lambu, naman halal kuma 'yarsa ta yi oda a ajiye masa. Aka sa masa tiyon tsarki a banɗaki, aka kuma ajiye buta. Wasu 'yan Najeriya da Somaliyawa na masallacin garin suka ɗauki nauyin zuwa ɗaukarsa ranar Juma'a, aka rubuta lambar limamin a fayil ɗinsa tare da umarnin jana'iza, aka ba 'yarsa takardar wakilci ta yanke hukunci a kan lafiyarsa da kuɗinsa idan ya kasa. Maganar namiji mai wanka ce kawai aka amsa mana da baki, ni kuma na yi sakaci ban nace a rubuta ba. Wannan kuskurena ne, kuma na gan shi daga baya.

Ya tare a unguwar a lokacin kaka, ganye yana zuba. Ya zagaya da ni ɗakin ta waya, ya nuna mini inda ya manna alamar alƙibla a jikin bango, da kantar littattafansa da ya rage daga ɗaki guda zuwa layi uku. Shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi a matakin farko, kuma ban taɓa jin muryarsa da ƙarfi haka ba tun rasuwar matarsa, domin ya sami abokan hira, har suna karatun tarihi tare. Abin da ya ɓata mini rai a wannan tsakanin shi ne ƙarin kuɗin wata da aka yi a farkon shekara, wanda yarjejeniya ta ba su dama, amma fanshonsa bai ƙaru da irin wannan gwargwado ba.

Sai wata safiya ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka kwantar da shi a asibiti kwana shida, daga nan aka dawo da shi ɓangaren jinya na unguwar, masu gashin ƙashi suka yi ta aiki a kansa har ya fara takawa da sandar nan mai ƙafa huɗu. Bayan makonni aka kira taro a kan ko zai koma ɗakinsa, na shiga ta bidiyo ƙarfe tara na dare. Yarjejeniyar ta ce ana shawara da mazaunin da iyalinsa, amma kalmar ƙarshe ta hukumar wurin ce da likitansu. Na karanta wannan layi tun farko, amma sai a ranar na ji nauyinsa. Baffa ya ce ɗakinsa yake so. Suka ce a cikin abubuwa shidan nan yanzu yana buƙatar taimako a uku, don haka mataki na biyu. Na so in yi musu, amma na tuna tayil ɗin banɗakin nan, na yi shiru. Kuɗin watansa bai tashi ba sai ɗan abin da aka ƙara na abinci, a nan nau'in A ya biya kansa. Maganar wanka kuwa ta dawo mana, domin ma'aikaci namiji ɗaya ne a ɓangaren kuma ya bar aiki, Baffa ya ƙi yarda mace ta tuɓe shi, ya yi kwana huɗu yana goge jiki da tawul. Sai da 'yarsa ta kai kuka ofishin jami'in da jiha ta naɗa domin sauraron koken mazauna irin waɗannan wurare, sannan aka tsara wani ma'aikaci daga ɓangaren jinya ya riƙa zuwa masa sau uku a mako.

Tun bayan ciwon, Turancin Baffa ya fara zubewa. Likita ya ce hakan yana faruwa ga masu harshe biyu, wanda aka koya daga baya ya riƙa gushewa, na goyo ya tsaya. Mutumin da ya koyar da Turawa da harshensu yanzu idan ya gaji da yamma Hausa tsantsa yake yi, irin ta cikin birni ta shekara sittin da suka wuce, ma'aikatan kuma su tsaya suna kallonsa. Wata nas ta roƙi 'yarsa a rubuto musu kalmomin da ya fi faɗa. Na zauna da Gwaggo a tsakar gida, surukarta tana shafa mata man zafi a gwiwa, muka jera su: ruwa, sanyi, ciwo, bayi, alwala, sannu, bari, na ƙoshi, ina 'yata. Gwaggo ta ce in ƙara da "Yaya", domin in ya faɗa ita yake nema, sai a kira ta ko ƙarfe nawa ne. Na naɗi muryata ina faɗin kowace kalma sau biyu a hankali, na tura, aka buga takardar aka manna a gefen gadonsa ƙasa da alamar alƙibla.

Duk ranar Lahadi bayan isha'i ina zuwa Yakasai in riƙe wa Gwaggo waya. Makon jiya da aka ɗauka, wata ma'aikaciya Ba'amurkiya tana gyara masa matashi, muka ji ta ce masa "sannu, Baba" da irin nata lafazin. Gwaggo ta matso da fuskarta har ta cika allon wayar, ta ce in tambayi yarinyar sunanta, in kuma tambaye ta ko ya ci abincin rana.